Na Goge Dodo Saboda Taubashiya

Ni Turancina na ƙasan fim ne. Wannan rubutun da ke gudu a gindin hoto, shi na yi ta bi har na iya. In kalma ta wuce ni sai in tsayar da fim, in kwafe ta a bayan tsohon littafin makarantata, in saki in ga mi mutumin zai yi bayan ya faɗe ta. In ya faɗa ya fita da gudu, to na kama ma'anarta. A haka, a haka, har ya kai ga in matan unguwarmu nan Sabon Birni sunka samu fim ɗin da ba a yi wa fassara ba, ni ake kira. In jingine waya da kwanon sha, su kewaye ni suna tsintar wake, ina gaya musu abin da Bature ya ce da matarsa. Kuma ba na ƙari. Abin da ya faɗa shi nake faɗa, ko da daɗi ko babu.

Wadda ta fara saurarena tun ina kame-kame ita ce Yaya. Shekara shida ta ba ni, ita ta goye ni. Ko fassarar banza na yi sai ta ce, "Kai, ƙanwata Baturiya!" Ita ke ja mini kunne in na yi girman kai, ita kuma ke kare ni in Inna ta ce waya ta hana ni surfe.

Sai anka ɗauke ta. Sun je taron suna a Unguwar Lalle, a hanyar dawowa 'yan bindiga sunka tare motarsu. Wata biyu da 'yan kwanaki ta yi a hannunsu. Yadda anka yi ta dawo labarin su Baba ne, ba nawa ba. Ni abin da na sani, ta dawo a rame, da tabon sarƙa zagaye da idon sawunta na hagu, kuma ta dawo ba magana. Tana amsa gaisuwa, tana sallarta, sai ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta rufe ƙafafu da zane. Mata na shigowa barka da arziki, su gama addu'a su tsaya suna dubanta. Inna ta kafa mana doka, kada wanda ya ƙara cewa "daji" a gidan. Baba da ya saba cewa "za ni daji" in zai tafi aiki, dole ya koma "za ni gona."

Ni kuwa na ƙudurta a raina ni ce za ni dawo da bakin Yaya. Wa ya fi ni cancanta? Ni ke kai mata tuwo. In zauna gabanta in zuba mata ido, in ta kai loma uku in ruga in gaya wa Inna ta ci uku. In ba ta labarin unguwa, in yi mata kwaikwayon tafiyar malamar Islamiyyarmu. Iyakarta ta ce "uhm." Wata guda cur, "uhm" kawai na samu.

A cikin kwanakin nan ne mai tura finafinai na kusa da tasha ya saka mini wani fim a memori, ranar kasuwa. Ya ce shi bai gane kansa ba, wai mace ce da dodo. Wallahi ban taɓa ganin fim irin wannan ba, har yau in na tuna shi tsigar jikina sai ta tashi! A wata ƙasa ce ta ƙanƙara. Wani attajiri maharbi ya kamo wata halitta daga kan dutse, tsayinta ya fi na mutum, tana da fukafukai masu launin toka, guda ya karye, ga wasu layuka a kumatu. Ya ɗaure ta da sarƙa a ƙafa cikin ɗakin ƙarfe, baƙinsa na zuwa kallo bayan sun ci abinci. Halittar ta ƙi cin komai. Sai wata bazawara mai aikin girki a gidan, ita anka ɗora wa kai wa dodon abinci. Tana shiga ta aje kwano, ta juya mishi baya, ta zauna tana cin nata. A kwana na huɗu ta ji ƙarar kwano a bayanta. Daga nan abin ya fara. Ta ɗaure mishi fiffike, shi kuma ya koyi kiran ta da wani sauti kamar kukan kurciya. So ne fa, so na gaske, ba tare da ya iya kalma ko guda ba. Sau uku na kalle shi ni kaɗai a bayan rumbu, na yi kuka duka ukun.

Ban nuna wa kowa ba. Yaya ma musamman na ɓoye mata, saboda sarƙar nan ta ƙafa. Kuma in faɗi gaskiya, ina jin daɗin cewa nawa ne ni kaɗai.

Ana haka ɗiyar Gwaggo ta zo daga Isa. Gwaggo ƙanwar Baba ce, don haka ɗiyanta taubasanmu ne, abokan wasa. Taubashi zai zage ka gaban uwarka, ya ce kai bawansa ne, ba wanda zai ce don mi. Ita wannan kusan sa'ar Yaya ce, awara take soyawa a ƙofar gidansu, bakinta kamar rediyo, kuma ko "kam" ba ta sani ba da Turanci.

Ta yi sallama, ta gaida Inna a tsaye-tsaye. Duk muna jiran ta durƙusa ta fara jaje kamar kowa. Sai ta cire mayafi ta jefa kan igiya ta ce, "Ina baiwata? An ce mini an kai ki daji kiwo, sunka ga ba ki da amfani sunka maido ki."

Muciya ta kusa faɗuwa daga hannun Inna. Ni kuwa na ce yau sai an kore ta.

Yaya ta ɗago kai. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyar mace, ke ce baiwa."

"Au, ashe da baki! Ni na ɗauka can kinka baro shi jingina."

Sai na ga gefen bakin Yaya ya motsa. Inna ta juya tana share ido da haɓar zane tana hamdala. Ya kamata in yi murna, na kuma yi, amma murnar ba ta kai ƙasa ba. Wata guda ina hidima, wagga ta shigo ko ruwa ba ta sha ba ta samu kalma biyar.

Washegari na dawo daga Islamiyya da la'asar, tun daga zaure na ji wannan kukan kurciya. Na san shi ko cikin barci. Na shigo na tarar da su ƙarƙashin rumfa, kafaɗa da kafaɗa, wayata jingine da turmi, fim ɗina na tafiya. Taubashiya ce ke fassara.

"Kin ga wanga? Bagobiri ne, ɗan'uwanku, ga zane nan har kunne. Shi kuma mai gemun ya kama shi ne don ya ci mishi gero."

"Ba gero ba ne!" na ce. "Wa ya ce ki taɓa mini waya?"

"Wayar kawuna ce, ke ajiya anka ba ki. Matsa, kin tare mana haske."

Daidai nan bazawarar ta shigo da kwano, ta yi magana a hankali. Na san wurin, na kwafe shi a littafi. Cewa ta yi ba za ta cuce shi ba. Taubashiya ta ce, "Ta ce in bai ci tuwon nan ba karnuka za ta ba, ita ba baiwar ubansa ba ce."

Yaya ta yi dariya. Dariya sosai, har da dafe ciki.

"Ƙarya take yi, Yaya! Cewa ta yi..."

"Bar ta," in ji Yaya, ko dubana ba ta yi ba.

Kalma biyu na samu ni ma, kuma ga irinsu.

Batirin wayar ya tsufa, ba ya ɗaukar fim guda a zama ɗaya, don haka gutsure-gutsure sunka yi ta kallo har kwana uku. Kuma wa ke kai ta wurin mai caji? Ni. In kai, in karɓo, in miƙa musu, in koma gefe da tiren shinkafa ina tsinta ina jin yadda ake yanka mini fim. Wurin da matar ta ɗora hannu a kan karyayyen fiffiken, wurin da ya sa ni kuka, taubashiya ta ce wai tana duba ko zai yi farfesu. Wurin da ya kira ta da sautin nan, ta ce wai tusa ya yi ya wayance. Ina ta gyara fassarar ƙasa-ƙasa, ba mai jina sai kaji. Da anka nuno sarƙar kusa-kusa na daina numfashi ina duban Yaya. Taubashiya ta ce, "Kin ga tasa ta fi taki kyau, ke ko a sarƙa ma ta araha anka ba ki." Yaya ta kai mata duka a cinya ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Suna dariya su biyu.

Na ce to, ashe wannan ce hanyar. Ai ni ma ina da baki.

Da rana na ɗauko tuwon Yaya, na aje gabanta, na gyara murya yadda taubashiya ke yi na ce, "Ga shi, dodon gidanmu. Ko sai an kwance miki sarƙa za ki ci?"

Yaya ta ja zane ta rufe idon sawunta, ta sunkuyar da kai. Inna ta taso daga bakin murhu ta kama kunnena ta ja ni har bayan rumbu.

"Ke taubashiyarta ce? Ciki guda kunka fito, nono guda kunka sha. Waccan in ta faɗa wasa ne, kowa ya san wasa ne. Ke in kinka faɗa, daga zuciyarki ya fito."

"Inna, ai ita ma..."

"Rufe mini baki."

Ita kanta taubashiyar da ta same ni ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙaramar baiwa, wanga aikina ne, gadonsa na yi. Ki nemi naki." Wannan ya fi jan kunnen ciwo. Ni da na san Yaya tun ban san kaina ba, a ce akwai ƙofar da waccan ke shiga ni ba ni da izini, don kawai uwarta ce ƙanwar Baba. Ranar nan Yaya ba ta ci tuwon ba.

Saura kamar minti ashirin fim ya ƙare. Da yamma anka ba ni wayar in kai caji. Na tsaya a lungun bayan masallaci, na buɗe, na danna fim ɗin na riƙe, na zaɓi gogewa. Wayar ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Na fahimci tambayar sarai, babu wanda zai ce kuskure ne. Na danna.

Da na dawo na ce memori ya cinye fim.

"Memori mai haƙora," in ji taubashiya. "A Isa namu ba su ci, sai an sa musu hannu."

Yaya ta dube ni. Wannan ne karo na farko da ta dube ni sosai tun dawowarta, na kuma gwammace ba ta duba ba. Mai tura finafinai sai ranar kasuwa yake fitowa, taubashiya kuma kafin nan za ta koma. Na yi nasara ke nan, amma ko abincin kirki ban iya ci ba.

Da hantsi washegari Inna da taubashiya sunka shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ina tsugune bakin rariya ina wanki, sai na ji murya a bayana.

"Ke kin gani har ƙarshe?"

Na zabura za ni juya.

"Kada ki juyo. Yi wankinki."

Na mayar da hannu cikin kumfa. Na ce na gani, sau uku.

"To gaya mini. Yadda yake, ba irin na waccan ba."

Kai, zuciyata kamar ta fito! Na fara, ina cuɗa rigar Baba ina bayani. Na gaya mata yadda attajirin ya shirya babbar walima zai sayar da halittar ga wasu baƙi. Yadda bazawarar ta zare mabuɗi daga wuyansa yana cikin maye. Yadda mabuɗin ya faɗi mata sau biyu. Yadda sarƙar ta buɗe amma shi ya ƙi motsawa, yana ta duban ƙafarsa, sai da ta kama hannunsa ta ja shi waje. Yadda ya buɗe fukafukan duka biyu cikin ƙanƙara, ya ɗauke ta, sunka tashi sama karnuka na haushi a ƙasa. Na ce daga nesa an nuno dutsensu, ga irinsa nan da yawa tsaye a kai suna jira.

"Sun karɓe shi?"

Da taubashiya ce da tuni ta ce an yanka mishi sa.

"Yaya, ba a nuna ba."

"Da ya sauka, fuskarsa sunka duba ko ƙafarsa?"

"Bai sauka ba. Suna sama anka yanke, rubutu ya fara hawa."

Na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Su ma masu fim ɗin ba su sani ba ke nan."

Na ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita. Can ta ce, "Kin san ke kin fi kowa kallona a gidan nan? Matan unguwa su kalla su tafi. Ke kina nan. In kai loma kina ƙirgawa, in yi tari kin ruga wurin Inna. Ita waccan mahaukaciyar ba ta kallona, surutunta kawai take yi."

Hawaye sunka fara zubo mini cikin ruwan wanki. Na ce, "Ni na goge shi."

"Na sani."

"Kishi nake yi, Yaya."

"Shi ma na sani. Tun kina goye, in na ɗauki ɗan wani sai ki cije ni a baya. Har yau akwai shaidar haƙorinki."

"Maganar jiya kuma..."

"Ta yi ciwo. Kada ki ƙara. Ba ki iya ba, muryarki rawa take yi."

Daga nan ta yi ta magana da bayana. Ta gaya mini akwai wata tsohuwa da anka tsare su tare, wadda kullum sai ta tambaye ta mi ake dafawa a gidansu yau, ita kuma ta ƙirƙiro, yau dambu, gobe tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, su yi ta gardamar gishiri. Ta gaya mini wasu abubuwan kuma, waɗannan nata ne. Na wanke rigar nan ta Baba har sau huɗu don kada in tashi ta daina. Wuyana ya ƙage saboda son in juya, ban juya ba, har munka ji muryar taubashiya daga zaure tana yi wa jaririn mutane sharrin hanci.

Na ɗauka shi ke nan na karɓo Yayata. Sai ga shi da daddare, wurin cin tuwo, Baba ya ce Gwaggo ta roƙa a bar Yaya ta je Isa ta huta kwana biyu, inda ba a san ta sosai ba, kuma Yaya ta ce tana so. Ni na ɗaukar mata jaka har tasha, ranar da motoci ke tafiya a ayari saboda 'yan bindiga. Taubashiya ta leƙo ta taga ta ce, "Ƙaramar baiwa, ki kula mana da kaji, ki yi musu fassara." Yaya ta matse mini hannu kawai. Na dawo gida ina harbin duwatsu.

Sati biyu ina kiran wayar Gwaggo. Duk kiran da na yi sai na ji dariyarsu a baya kafin a miƙa mata, kan wani abin da ban sani ba, kuma in na tambaya sai a ce ba za ni gane ba. An ce tana taya suyar awara, an ce har kasuwa ta shiga. Inna na ta godiya ga Allah. Ni ma ina yi, ina kuma jin haushi, duka a lokaci guda.

Rannan sai Yaya ta kira da kanta.

"Ke, wagga maƙaryaciya ta tara mata tana ba su labarin dodo. Wai a ƙarshe ya auri matar, sunka dawo Isa sunka buɗe wurin cajin waya."

"Ƙarya take yi! Wallahi ƙarya take yi!"

"To ni na gaji da gardama da ita. Gwaggo ta ce ki taho ki gaya musu da bakinki."

Ranar kasuwa tun da safe ina gaban mai tura finafinai, na sa ya maido mini da shi. Na ɗauki littafina da na kwafe kalmomi, na shiga mota. A tsakar gidan Gwaggo mata sun kai goma, na jingine waya da kwano, Yaya ta zauna kusa da ni har gwiwarmu na gogayya, ta ce musu, "Ku yi shiru, ƙanwata ce ta iya." Na fara tun daga farko, kalma bayan kalma, yadda yake. Na yi kamar minti biyar ana saurarena. Sai halittar ta ɗago kai, layukan kumatunta sunka fito, taubashiya ta ce daga bakin kaskon awara, "Ga kawunku nan Bagobiri," gidan ya kwashe da dariya har da Yaya, ni kuma na tsayar da fim ɗin na ce ba za ni saki ba sai an kore ta waje.